Zumunci A Ƙafa Ya Ke: Labarin Ziyarar Ƙasar Rairayi

Ko wace shekara, da zarar an kau da amfanin gona an shiga hunturu, sai a wayi gari a ga hazo ya rufe Kakuri da Makera da Barnawa, har wanda ya tsaya bisa gadar kogin Kaduna ba ya hangen tsallake sosai. Mata su share ɗaki da safe, kafin azahar farar ƙura ta sake kwanta bisa tebur da akwati. Yara su yi ta tari, leɓɓa su tsattsage, wani lokaci ma jirgin sama ya kasa sauka. Kowa ya san wannan baƙo, amma ba kowa ya taɓa tambayar inda ya fito ba. Masana sun bi sawunsa, sun tarar galibin ƙurar nan daga wani kwari ta ke tasowa wanda a ke kira Bodele, can arewa maso gabas da Tafkin Cadi. A zamanin da wurin gindin wani babban tafki ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar laka mai laushi kamar gari, ita ce iska ke kwasowa ta kawo mana har ƙofar ɗaki.

Ashe ke nan hamada tana ziyartarmu shekara shekara ba fashi, mu ne ba mu rama ziyara. Hausawa kuwa sun ce zumunci a ƙafa ya ke. Mutanen Faransa da Jamus da Italiya sun sha kashe kuɗi masu yawa su ƙetaro teku don su kwana uku bisa tudun rairayi, alhali mu da ke da ita a bayan gida da wuya ka sami ɗaya cikinmu wanda ya taɓa zuwa don ganin ido. Nufina a nan in bayyana wa malaman makaranta da ma'aikatan ofis abin da ke can, da yadda hanyar ta ke, da irin haɗarin da ke cikinta, domin wanda ya yi niyya ya san abin da ya tasam ma.

YADDA MUKA JUYA WA AREWA BAYA

Ga kakanninmu hamada hanya ce, kuma ita ce babbar ƙofar da duniya ke shigowa ƙasar Hausa. Ayari ya kan taso daga Tarabulus a bakin Bahar Rum, ya biyo ta Gadamas da Gat, ya sauka Azbin, sa'an nan ya gangaro Katsina ko Kano bayan watanni bisa hanya. Ta nan takarda ke zuwa, da littattafai, da alharini, da madubi, da ruwan takobi. Abin da ke komawa kuwa shi ne jar fata, da baƙin tufa na rini, da hauren giwa, da gashin jimina, da kuma bayi, gama ba daidai ba ne a faɗi daɗin hanyar nan a ɓoye ɗacinta. Wanda ya karanta littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san irin hawayen da aka zubar cikin rairayin nan.

Abin da ya kashe wannan ciniki yana nan kusa da mu, muna wuce shi kullum. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta ƙetare kogin Kaduna ta isa Kano. Ba da daɗewa ba kayan da raƙumi ke wahala da su wata da watanni sai ga shi jirgin ruwa ya sauke su Ikko, jirgin ƙasa ya kawo su Kano cikin 'yan kwanaki, kuma da araha. Babbar tashar da ke kudancin kogin nan, inda hanyar Ikko da ta Fatakwal suka haɗu, ita ta fara tara jama'a a unguwanninmu, masaƙar Kakuri da aka buɗe a 1957 ta daɗa tara su. Mu mutanen kudancin Kaduna watau 'ya'yan jirgin ƙasa ne, tun fil azal fuskarmu teku ta ke kallo.

Duk da haka mutanen hamada ba su manta da mu ba. Bayan farin 1973 da 1974, da wanda ya biyo a 1984, dabbobin Azbinawa suka mutu da yawa, masu su suka kwararo kudu neman abin kai wa baka. Da yawa cikinsu suka kama aikin gadi a Kano da Kaduna. Mun san su a bakin ƙofa da rawani da 'yar butar shayi bisa gawayi, mu kan kira su Buzaye mu wuce. Kaɗan ne cikinmu suka san cewa mutumin nan yana da ƙasa mai duwatsu da lambuna, yana da sarki mai fada, yana da rubutu nasa na kansa da a ke kira Tifinag, kuma rawanin turkuɗin da ya ke ƙawa da shi ranar salla a Kura ta ƙasar Kano a ke rina shi a buga shi.

HANYA ITA CE DARASI NA FARKO

Daga Kaduna zuwa Agadas, babban birnin Azbin cikin Jamhuriyar Nijar, tafiyar kilomita 900 ce da 'yan kai. A bi ta Zariya a kwana Kano, daga nan a nufi Daura a ƙetare iyaka a Kwangwalam, a bi ta Matamaye a sauka Damagaram. Daga Damagaram saura kamar kilomita 450, ta Tanut da Adarbisanat.

Malamin labarin ƙasa ya kan zana wa yara layuka bisa allo, ya ce nan daji mai duhu, nan saura, nan hamada, yara su haddace su rubuta ranar jarrabawa. Wanda ya bi hanyar nan da ido buɗe zai ga layukan nan da kansu suna wucewa ta tagar mota. A ƙasar Zazzau ɗorawa da kaɗanya ke inuwa. Wajen Kano da Daura sai kuka da gawo da tsamiya su karɓa. Bayan Damagaram itatuwa su fara gajarta suna nisa da juna, sai goruba da aduwa da magarya da ƙaya iri iri, ƙasa kuwa ƙarangiya ta rufe ta. Tanut tana cikin Damargu, nan ne kusan iyakar noman gero. Gaba da nan babu gona, sai rijiyoyi masu zurfi da makiyaya kewaye da su suna jiran yayinsu na shayarwa.

Dalilin wannan duka ruwan sama ne. Kaduna ta kan sami fiye da milimita 1,000 a shekara. Damagaram ba ta cika samun rabin wannan ba. Agadas tsakanin 100 da 200 ta ke yi, Balma kuwa, garin gishiri da ke can gabas cikin rairayi, ba ta kai 20 ba a lissafin shekaru, wata shekara ma ko ɗigo. Abin da ya kan sauka Makera cikin hadari guda na watan Agusta ya fi abin da mutumin Balma zai gani cikin shekara biyu.

Wani abu kuma da matafiyi zai lura da shi, tun daga Kwangwalam har Agadas ba zai nemi tafinta ba. Kuɗi sun sake, sun zama sefa, rubutun allunan hanya ya koma Faransanci, amma a tasha da kasuwa da masallaci Hausa a ke yi.

BIRNIN AGADAS

Tun daga nesa abin da ido zai fara kamawa shi ne hasumiyar babban masallaci, wadda ta yi tsawon mita 27, da ƙasa zalla aka gina ta, itatuwa sun fito ta jikinta kamar ƙayar bushiya. A kansu magina ke takawa in za su yi mata yaɓe. An fara gina ta wajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songai ya ci garin, aka sake ta a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma ba a san wata hasumiyar ƙasa da ta fi wannan tsawo ba. Mai ƙarfin gwiwa ya kan hau ta ciki, ta wani matsattsen matakali, ya fito sama ya ga gari duka ja wur a ƙarƙashinsa, da fadar Sarkin Azbin daura da masallacin. Sarautar nan ta zauna Agadas tun ƙarni na 15, har yau kuwa tana nan.

Bahaushe a Agadas ba baƙo ba ne ƙwarai. Gobirawa sun ce a Azbin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tun yana saurayi ya tafi can neman ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Dawakin Azbin kuwa tun da daɗewa su ne abin alfahari a bargar sarakunanmu. Har a fadar akwai sarautu masu sunan Hausa. Ɗaya cikinsu ita ce Sarkin Turawa, wanda a da ke lura da fataken Larabawa, domin kafin zuwan Nasara Larabawan arewa a ke kira Turawa.

Bature na farko da ya rubuta labarin garin filla filla shi ne Dokta Barth, mutumin Jamus, wanda a ƙasashenmu aka sani da suna Abdulkarimu. Ya shiga Agadas cikin Oktoba 1850, sa'an nan ya biyo ayarin gishiri zuwa kudu, ya iso Kano cikin Fabrairu 1851. Ɗakin da ya sauka yana nan a tsohon gari, a kan nuna wa baƙi. Garin ya sha wuya bayansa. A ƙarshen 1916 wani jarumin Azbinawa mai suna Kawsan ya tayar wa Faransawa, ya tsare barikinsu na Agadas har Maris 1917, da suka sami gudummawa suka karɓe garin suka yi ramuwa mai tsanani, mutane da yawa suka hallaka, waɗansu suka watse.

Wanda ya je kada ya rasa zagawa wurin maƙeran fari, masu ƙera azurfar wuya da a ke kira da sunan garin, da dukawa masu ɗinka sirdin raƙumi da zabira. In tafiyarsa ta dace da watan Muharram zai ga bikin Biyanu. In kuwa ƙarshen damina ne, wajen Satumba, sai ya nufi Ingal a yamma, inda Azbinawa da Fulani Bororo ke taruwa da dabbobinsu don su sha ruwan gishiri, a yi sukuwar raƙuma da rawa.

DUWATSU DA TENERE

Arewa da Agadas duwatsun Azbin ne, baƙaƙe ƙirin, mafi tsawonsu yana cikin tsaunukan Bagzan, ya haura mita 2,000. Cikin kwaruruwansu akwai abin mamaki. A Timiya, alal misali, raƙumi ko takarkari ke jan guga, ruwa ya bi ta lambuna, a sami dabino da lemo da rumman da alkama da albasa a wurin da ka rantse ko ciyawa ba ta fitowa.

Gabas da duwatsun nan ne rairayi na ainihi ya fara, shi a ke kira Tenere, watau fili wanda ba kome, da harshen Azbinawa. Tuddan rairayi ne jere da juna iyakar ganin ido, iska tana sake musu kama kullum, wanda ka kwana gindinsa yau in ka komo baɗi ba lalle ka gane shi ba. A 1991 aka sa duwatsun da wani yanki na Tenere, fili mai hekta miliyan 7.7, cikin wuraren da duniya ta yarda a kiyaye.

A tsakiyar wannan fili a da akwai wata itaciyar ƙaya guda ɗaya tak, wadda aka ce babu wata itaciya kusa da ita har tafiyar kilomita 400. Ayari bayan ayari sun sauka gindinta, ba wanda ya taɓa karya reshenta ya dafa shayi. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a 1939 sai aka tarar saiwarta ta bi ruwa ƙasa fiye da mita 30. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta ta faɗi, duk faɗin filin nan bai sami inda zai bi ba sai kanta. Gangar jikinta tana gidan ajiye kayan tarihi na Yamai, a gurbinta kuwa an kafa wata ta ƙarfe. Wannan labari ya isa gargaɗi ga duk baƙon da zai shiga hamada da mota.

Ta nan ayarin gishiri ke bi zuwa Fashi da Balma, tafiyar kusan kilomita 600 daga Agadas. A kan tashi bayan damina, wajen Oktoba, da gero da harawar raƙuma, a riƙa ajiye wani kashi na harawar a hanya sabo da komowa. Tafiya tun hantsi har dare ya raba, ba a sauka, abinci ma bisa tafiya a ke dama shi a sha. Madugu ba shi da taswira, taurari da kwanciyar rairayi su ne alamarsa. A Balma a musanya gero da dabino da gishiri, a komo da kantu a gangaro da shi ƙasar Hausa, raƙuma su ci karan gonakinmu su bar mana taki, a sayi gero da tufa a koma gida. An rubuta cewa ayarin 1906 ya kai raƙuma 20,000. Manyan motoci sun rage shi ƙwarai, amma bai mutu ba.

Babban darasin da ke cikin hamada kuwa shi ne ba haka ta ke ba tun asali. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai siffar raƙuman dawa biyu da mutanen da suka sassaƙa jikin dutse, babban ya fi mita 5, an ƙiyasta sun yi shekara 6,000 ko fiye. Raƙumin dawa kuwa ba ya zama inda babu itatuwa. A shekarar 2000 masu neman ƙasusuwan dabbobin da suka tarar da wata tsohuwar maƙabarta a Gobero cikin Tenere, mai kaburbura wajen 200, tare da ƙayar manyan kifaye da ƙashin kada da na dorina da masun kamun kifi. Masunta ne suka zauna bakin tafki a wurin da yau ba ruwan da tsuntsu zai sha. Duk wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara ɗaukar dajin da ke kewaye da garinsu abin da ba ya ƙarewa ba.

ABIN DA YA SAMI MASU JAGORA

Cikin shekarun 1980 Agadas ta cika da baƙi. Tseren motocin da a ke yi daga Faris zuwa Dakar ya riƙa bi ta can, wani Ba'azbine mai suna Mano Dayak ya kafa kamfanin kai baƙi cikin Tenere, samarin da fari ya raba da dabbobinsu suka zama direbobi da jagorori da masu dafa abinci, maƙera suka sami kasuwa. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsai da abin. Mano Dayak ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Disamba 1995, filin jirgin Agadas sunansa ya ke ɗauke da shi. Baƙi suka komo, sai wani tawayen ya ɓarke daga 2007 zuwa 2009, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. A Satumba 2010 aka sace ma'aikatan haƙar yuraniyom a Arlit, daga nan ƙafar Turawa ta ɗauke.

Direban da ya san rijiyoyi ya kuma mallaki mota ba zai zauna ya ga iyalinsa da yunwa ba. Da yawa suka koma ɗaukar masu neman ƙetarawa Libiya da Aljeriya, cikinsu har da 'ya'yanmu. Abin da ya biyo baya kowa ya ji. A Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara ne, 33 mata, galibinsu daga wajen Kance ta ƙasar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Gwamnatin Nijar ta hana wannan sufuri da doka a 2015, aka soke dokar a Nuwamba 2023. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 an rufe iyakarmu da Nijar har Maris 2024, a Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Cikin 2025 ɗin nan ne aka sace waɗansu mata Turawa biyu a cikin garin Agadas kansa.

Sabo da haka, jama'a, maganar gaskiya ita ce shiga Tenere ko duwatsun Azbin ba abin da mutum zai yi da ra'ayin kansa ba ne. Sai da iznin hukumar can, da jagoran da aka sani, da rakiya in an ce a yi rakiya. In masu gari suka ce kada a wuce, to, kada a wuce. Wanda ya tsaya Damagaram ko cikin birnin Agadas ya komo lafiya ya fi wanda ya ga Balma iyalinsa ba su ƙara ganinsa ba.

RAIRAYIN DA KE CIKIN GIDA

Wanda bai sami halin ƙetare iyaka ba, akwai hamada cikin Nijeriya. A bi ta Kano da Haɗeja da Nguru a sauka Gashuwa cikin Jihar Yobe, daga nan a nufi Yusufari. A ƙasar Yusufari akwai tuddan rairayi na Tulo-Tulowa da dausayin Bulatura, inda za ka hau tudu ba ganye ko ɗaya, ka leƙa ƙasa ka ga kwari shar da dabino da goruba da ruwa, mutane suna kwasar kanwa. Kusa da Gashuwa kuma ga fadamar Dagona, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka da hunturu. A Dufuna ta jihar nan ne wani makiyayi mai haƙa rijiya ya tono kwalekwale a 1987, wanda aka auna aka tarar ya yi shekara 8,000, ba a sami wanda ya girme shi ba duk Afirka. Ita ma Yobe ta sha fama da tashin hankali tun 2009, tilas a tambayi hukumar wurin kafin a ɗaura kaya.

Sai dai a tuna, tudun da baƙo ke sha'awa yana ɗaukar hotonsa, ga manomin wurin masifa ce mai tafiya, tana cin gona tana binne rijiya. Don haka ne ƙasashen Afirka suka yi shawara a 2007 su dasa shingen itatuwa daga Senegal har Jibuti, jihohi 11 na arewacin Nijeriya suna cikin shirin. Baƙo mai hankali zai zauna ya ji daga bakin dattawa inda rairayin ya ke sa'ad da su ke yara, da inda ya kawo yanzu.

SHARUƊƊAN TAFIYA

Lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara zafi ya kan wuce abin da mutumin Kaduna zai iya ɗauka. Da hunturu kuwa rana da sauƙi, amma dare ya kan yi sanyi har ruwa ya kusa daskarewa cikin duwatsu, sai a riƙe bargo mai kauri. Rawani ya fi hula amfani, gama shi ke tare ƙura daga hanci da baki, ya hana maƙogwaro bushewa.

Ba a shiga rairayi da mota guda, ko da sabuwa ce. Biyu ne mafi ƙaranci, da mai da ruwa fiye da lissafin kwanakin tafiya, a kuma bar wa wani a gari labarin hanyar da za a bi da ranar komowa. In mota ta lalace kada kowa ya rabu da ita ya ce zai taka ya nemi taimako, domin mai nema ya fi saurin ganin mota bisa ga mutum. A riƙe fasfo da takardar allurar shawara, a yi tafiya da rana, tun daga hanyoyinmu na nan gida.

Sauran sharuɗɗan na ladabi ne. In an ba ka shayi ka zauna ka sha har zagaye na uku, tashi kafin nan rashin kunya ne. Ganyen shayi da sukari su ne tsarabar da ta fi karɓuwa. Kada ka ɗauki hoton mace ko na dattijo sai ka roƙa. Kada ka yi wanka ko wanki a bakin rijiyar da dabbobi ke jira, in ruwa ya yi ƙaranci addini ya sauƙaƙe mana da taimama. Kada ka rubuta sunanka jikin dutsen da ke da zanen mutanen da, kada kuma ka tsinci kan kibiya ko tsingaro ka sa aljihu, gama abin da ya kwana shekara dubbai a wurinsa ba kai ya ke jira ba. Kuma ka biya jagora haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Ranka yana hannunsa bayan Allah, kuma ko wane baƙo da ya biya shi ya rage masa dalilin ɗaukar yaran mutane zuwa Libiya.

GA MALAMAI MUSAMMAN

A 1943 Malam Abubakar Imam ya tafi Ingila, da ya komo ya rubuta wa jama'a abin da ya gani cikin littafin da ya kira Tafiya Mabuɗin Ilmi, dubban yara suka san Landan ta bakinsa. Azbin ta fi Landan kusa da mu nesa ba kusa ba, amma ɗalibin da ke koyon aikin malanta yau ya fi iya ba da labarin kogin Landan bisa ga labarin rijiyoyin Damargu, shi ne kuwa zai koya wa na baya. Malamai biyar ko shida na makaranta guda suna iya yin adashi shekara ɗaya, in hanya ta yi kyau su tafi da hutun Disamba, ko da iyakarsu Yusufari ce ko Damagaram. Ko wane ya riƙe littafi ya rubuta sunan ko wane zango, da itatuwan da ya gani, da zurfin rijiya, da kuɗin mudun gero, ya komo ya karanta wa 'yan ajinsa.

Wanda kuma bai sami ikon tafiya ba tukuna yana da abin yi tun gobe. Ya nemi kantu a kasuwar dabbobi ya kawo aji, yara su taɓa su lasa, ya nuna musu Balma bisa taswira. Sa'an nan ya je ya yi sallama da Ba'azbinen da ke unguwarsu, ya roƙe shi ya zo makaranta ya gaya wa yara yadda a ke gane hanya da Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki, da kwana nawa raƙumi ke yi bai sha ruwa ba. Zai yi mamakin irin ilmin da ke zaune bakin ƙofa shekara da shekaru ba wanda ya tambaya.

Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasarmu da ta maƙwabtanmu, ya buɗe hanyoyi, ya kai ko wane matafiyi lafiya ya komo da shi lafiya, amin.